Mai Ƙuna A Ƙafa: A Bar Ma'aikatan Jinya Su Tayar Da Ita Ta Taka

A wannan fitowa za mu taɓo wata magana da ke yawan haɗa ma'aikatan jinya da 'yan uwan marasa lafiya gardama, musamman a ɗakin kwanciya na mata. Mace ta ƙone a ƙafa, an kwantar da ita, an wanke ciwon an naɗe. Ba a daɗe ba sai nas ta zo ta ce lokaci ya yi da za ta sauko daga gado ta taka. Nan take uwa ko suruka ko maigida su ce ba su yarda ba. Idan kuwa matar tana da juna biyu ko tana cikin jego, to gardamar ta fi zafi, har a kan ce ma'aikatan asibiti ba su da tausayi.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Tayar da mai ƙuna ta yi tafiya, a lokacin da likita ya amince kuma a hannun wanda ya san aikin, yana cikin magani kamar yadda allura da wankin ciwo suke cikin magani. Iyalin da suka hana, komai kyan niyyarsu, suna iya jawo wa 'yarsu gurguntar da wutar kanta ba ta yi mata ba.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kimanin 180,000 a kowace shekara, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke. Waɗanda suka tsira da ransu amma suka tashi da nakasa sun fi haka yawa nesa ba kusa ba. Mukan tuna da ƙuna ne idan babban bala'i ya auku, kamar fashewar tankar mai a garin Majiya na Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, wadda ta hallaka mutum fiye da 150. Amma ƙunar da ke kawo mata asibiti yau da gobe daga cikin gida take fitowa: tukunyar ruwan zafi ta kife, man suya ya fantsama, risho ya yi bindiga, zani ya kama wuta a bakin murhu, ko kaskon garwashi da aka shigar ɗaki lokacin hunturu.

Ƙafa kan sha wahala, domin a ƙasa muke girki. Mai tsohon ciki ba ta ganin abin da ke gaban ƙafarta sosai, ga nauyi, ga jiri, don haka tuntuɓe da tukunya ba ya yi mata wuya. Mai jego kuma ga ruwan wankan jego da ake tafasawa safe da yamma. Ruwa mai zafin digiri 60 kawai yana iya ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, balle wanda ya tafasa ya kai digiri 100.

A lissafin da likitoci ke yi, ƙafa guda ta babban mutum, daga kwatangwalo zuwa yatsu, kashi 18 ce cikin 100 na fatar jiki. Tafin hannun mara lafiya tare da yatsunsa kuma kimanin kashi 1 ne. Ke nan idan ruwan zafi ya zubo wa mace a gaban ƙafafunta biyu, ta iya rasa fatar da ta kai a yi mata ƙarin ruwa ta jijiya. Wannan babban ciwo ne, kuma ba wanda ya ce a yi wasa da shi.

Abin da doguwar kwanciya ke haifarwa

Na farko shi ne ƙagewar gaɓa. Fatar da ta ƙone da zurfi, idan tana warkewa, tsukewa take yi tana janyo abin da ke kusa da ita. Mai ciwo kuma ta fi jin daɗi idan ta lanƙwasa gwiwa ta saki tafin ƙafa ya sunkuya ƙasa. To a yadda ta kwanta ɗin nan tabo zai kama ta. Bayan 'yan makonni sai a ga gwiwa ta ƙi miƙewa, ko diddige ya ƙi taɓa ƙasa, sai tafiya a kan yatsu. Gyaran wannan sai da wata tiyatar, da wani kuɗin, da wata jinyar, kuma ba kullum ƙafa ke komawa yadda take ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma tabon ƙuna.

Na biyu shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma nan ne maganar ta fi shafar iyayenmu mata. Tsokar sharaɓa ita ce ke matso jini daga ƙafa ya koma zuciya duk lokacin da aka taka. Idan an daina takawa jinin yakan yi kwance, har ya iya zama guda. Gudan nan idan ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kashe mutum farat ɗaya. Juna biyu kaɗai yana ninka wannan haɗari sau 4 zuwa 5, kuma haɗarin ya fi yawa a makonni 6 na farko bayan haihuwa, wato daidai kwanakin arba'in da muke cewa mai jego ta zauna a ɗaki. Ƙuna mai girma ita ma tana ƙara shi. Idan aka haɗa ciki da ƙuna da kwanciya wuri guda, an tara wa mace haɗari uku a kan ƙafa ɗaya.

Sauran matsalolin su ne majina ta taru a ƙirji har ta zama namoniya, gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da diddige, bayan gida ya yi tauri, tsoka ta saki. Jikin mai ƙuna dama yana cinye tsokarsa domin gina sabuwar fata, kwanciya kuma tana ƙara saurin wannan rama. Mai cikin da ta yi wata guda ba ta taka ba, da wane ƙarfi za ta shiga naƙuda, kuma da wace ƙafa za ta tashi ta ɗauki jariri?

Hujjar iyalai

Ba daidai ba ne a ce iyalai ba su da hujja. Abu uku suke tsoro, kuma kowanne gaskiya ne.

Suna tsoron ciwo. Lalle idan mai ƙuna ta sauke ƙafa ƙasa a karon farko jini yakan sauko, ƙafar ta yi nauyi, ta riƙa zogi kamar za ta fashe. Amsar wannan ita ce a ba da maganin rage zafi kafin a tashi, a kuma naɗe ƙafar da bandeji mai roba wanda zai tallafi jijiyoyi. Zogin yakan ragu daga tashi zuwa tashi. Wadda aka bari a kwance kuwa jinkirta mata shi kawai aka yi, kuma za ta same shi a lokacin da ƙafar ta riga ta yi tauri.

Suna tsoron kada dashen fata ya lalace. A da, likitoci da kansu sukan kwantar da wanda aka yi wa dashen fata a ƙafa na kwanaki da dama, wani lokaci har fiye da mako, saboda wannan tsoro. Amma a shekarar 2012 masana jinyar ƙuna suka tattara binciken da aka yi, suka fitar da ƙa'idoji a mujallar ƙungiyar masu kula da ƙuna ta Amurka, inda suka ba da shawarar a fara tafiya da wuri bayan dashen fata a ƙafa, da sharaɗin a naɗe ƙafar da abin da zai matse ta, kuma idan dashen ya ratsa ta kan gaɓa a tallafe gaɓar kada ta motsa har sai an buɗe ciwon an duba. Duk da haka akwai wadda dole ta jira: wadda ke da karaya, wadda dashen ya yi faɗi ƙwarai ko yake a tafin ƙafa, wadda ciwon ya kai ga jijiya ko ƙashi, da wadda jikinta bai daidaita ba. Likitan da ya yi aikin shi ne zai faɗi rana. Ko wadda aka ce ta jira, akwai motsa jiki da nas za ta koya mata a kan gado.

Suna tsoron faɗuwa. Wannan ne mafi ƙarfi cikin hujjojin, domin faɗuwar mai ciki na iya raba mabiyiya da mahaifa ko ta tayar da naƙuda kafin lokaci. Wasu kan ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai dai mu tambayi kanmu, wace ce ta fi faɗuwa? Wadda aka koya wa tashi mataki mataki da rana, ko wadda ta yi kwana goma a kwance, fitsari ya matse ta cikin dare, ta sauko ita kaɗai a kan ƙafar da ta manta da nauyin jiki? Tsoron faɗuwa dalili ne na a tashi a gaban nas, da shiri.

Yadda ma'aikatan jinya ke yin aikin

Yana da kyau iyalai su san matakan, domin wanda ya san abin da ake yi ba ya tayar da hankali.

Aikin yakan fara tun a kan gado. Ana ɗaga ƙafar a kan matashi domin kumburi ya sauka, a shimfiɗa matashin a tsawon sharaɓa yadda diddige ba zai gogi katifa ba. Kada a dunƙule matashi a bayan gwiwa, ko da mara lafiya ta roƙa, domin shi ke koya wa gwiwa lanƙwasa. Tafin ƙafa kuma ana so ya tsaya cak kamar mutum na tsaye a ƙasa, shi ya sa ake ɗaura wani allo na filasta ko roba mai tauri. Kada a kwance shi da dare don tausayi. Ana kuma koya mata ta riƙa ɗaga tafin ƙafa tana saukewa, tana motsa yatsu, tana jan dogon numfashi.

Idan ranar tashi ta zo, nas za ta ba da maganin rage zafi kamar minti 30 kafin lokaci, ta auna hawan jini da bugun zuciya, ta tambaya ko an ci abinci. Sannan ta naɗa bandeji mai roba tun daga gindin yatsu zuwa sama, ta bar yatsun a buɗe domin a ga launinsu. Idan suka yi sanyi, suka canza launi, ko suka mutu, bandejin ya matse da yawa, sai a faɗa mata.

Daga nan mara lafiya za ta juya ta gefe, ta tashi zaune a bakin gado, ta sauke ƙafafu na 'yan mintoci. Idan babu jiri sai ta miƙe, ta kama ƙarfen koyon tafiya mai ƙafa huɗu, nas na tsaye ta ɓangaren ƙafar da ke ciwo, ɗan baya kaɗan. Ba a so ta tsaya ƙyam wuri guda, domin tsayuwa ba motsi ta fi tafiya zogi. Gara ta riƙa sauya nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan. Ranar farko taku kaɗan zuwa kujera ya isa. Gobe a kai bakin ƙofa, jibi a fita baranda. Ana so diddige ya fara taɓa ƙasa, gwiwa ta miƙe, ido na kallon gaba. Bayan an dawo sai a sake ɗaga ƙafar, a duba bandeji ko jini ya ɓullo. Tafiya gajera sau da yawa a yini ta fi doguwa sau ɗaya. Masu gashin ƙashi su ne ke tsara motsa jikin, nas kuma ita ce ke tare da mara lafiya dare da rana tana tabbatar da an yi.

Aikin mai jinya daga cikin dangi shi ne ta share hanya: a kawar da tabarma, kwanuka, buta da wayar cajin salula, a goge ruwa idan ya zube. A ɗaure zani ya tsaya sama da idon sawu, a naɗe hijabi mai tsawo. A samo takalmi maras tsini mai kama diddige, domin silifas na santsi kuma yana fita. Kada a ja mara lafiya ta hannu ko ta hammata, kuma kada mutum biyar su taru a kanta kowa na ba da umarni.

Abin da ya keɓanta ga mai juna biyu

Daga wajen mako na 20, kwanciya rigingine na sa nauyin mahaifa ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai jiri ya zo, jinin da ke zuwa wa jariri kuma ya ragu. Don haka mai ciki ta kwanta ta gefe, musamman na hagu, ko a tokare mata baya da matashi, a kuma daidaita ƙafar da ta ƙone yadda gwiwa za ta kasance a miƙe. Idan ana amfani da ɗamarar da ake riƙe mara lafiya da ita wajen tafiya, ba a ɗaura ta a kan ciki. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a tsakanin masu ciki, yana ƙara jiri, saboda haka kada a daina shan maganin ƙarin jini da aka bayar wajen awo sai likita ya ce.

Maganar magani kuma a kiyaye. Farasitamol shi ne aka fi amincewa da shi ga mai ciki. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takarda ba, suna iya cutar da ƙodar jariri da hanyoyin jininsa, musamman daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe. Har man shafawa na ƙuna akwai wanda ba a so a yi amfani da shi dab da haihuwa. Idan likita ya ga haɗarin daskarewar jini ya yi yawa, yakan rubuta allurar heparin, wadda ba ta ratsawa zuwa ga jariri. Allurar taimako ce, ba ta ɗauke wa kowa tafiya ba. A kuma nuna katin awo domin a duba allurar tetanus.

A dakatar da tafiya a kira nas nan da nan idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: jiri mai tsanani ko duhun ido, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, kumburi da ciwo a sharaɓa ɗaya, jini ya jiƙa bandeji, ciwon mara mai zuwa yana tafiya, zubar jini ko ruwa ta gaba, ko jariri ya rage motsi.

Bayan an koma gida

Sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen jinya ba. Tabon ƙuna mai zurfi yakan ɗauki shekara 1 zuwa 2 kafin ya nuna ya daina tsukewa, kuma ciwon da ya wuce makonni 3 bai rufe ba ya fi yin tabo mai kauri. A duk tsawon wannan lokaci ana bukatar miƙe gaɓa kullum. Idan an ba da safa mai matsewa, ana sa ta kusan yini da kwana, a cire don wanka kawai. Bayan ciwo ya rufe sarai, a riƙa shafa mai maras turare kamar man kaɗanya ko basilin ana murzawa a hankali, domin yana rage ƙaiƙayi da tsagewa. Sabuwar fata ba ta jure rana, ba ta kuma jin zafi yadda ya kamata, don haka a gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, kuma kada a gasa ƙafar da wuta ko tsumma mai zafi.

Gidajenmu da yawa rayuwar ƙasa ake yi: zama a tabarma, girki a tsugune, masai na tsuguno. Maigida ya tanadi kujera mai tsayi, da kujerar bayan gida ko wani abin kamawa a bango, da fitila a hanyar banɗaki. A ɗauke mata ɗibar ruwa da girki na wani lokaci. Mai jego kada ta yi tafiya da jariri a hannu ko a baya har sai ƙafarta ta yi ƙwari, a miƙa mata shi bayan ta zauna. Abinci kuma a ƙara mai gina jiki, kamar wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa da awara, domin tana gina fata, tana kuma ciyar da wani.

Kira ga kowa

Ba iyalai kaɗai ke da aiki ba. Tayar da mai ƙuna cikin aminci yana cin lokaci, wani lokaci sai da mutum biyu, ga shi kuma ma'aikatan jinya sun yi ƙaranci a asibitocinmu. Ya kamata hukumomin lafiya su ɗauki ƙarfen koyon tafiya, bandeji mai roba da abin kamawa a baranda da banɗaki a matsayin kayan aiki na dole, domin kuɗinsu bai kai na tiyatar gyaran ƙagaggiyar gwiwa ba. Ma'aikatan jinya kuma su zauna da dangi tun ranar farko su yi bayani da harshen da za a gane. Surukar da aka yi wa bayani da mutunci ita ce gobe za ta riƙa tuna wa mara lafiya lokacin tafiya.

Rigakafi dai ya fi magani. A sauke tukunya nesa da hanya, a sirka ruwan wankan jego kafin a kai banɗaki, kuma kada mai ciki ko mai jego ta ɗauki tafasasshen ruwa da kanta. Mai farfaɗiya kada ta yi girki ita kaɗai. Wanda ke jijjiga, yaro ne ko mai ciki, kada a kusanta ƙafarsa da wuta wai don ya farfaɗo, a kwantar da shi ta gefe a kai shi asibiti. Idan tsautsayi ya auku, a zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20, a cire zobe da abin ƙafa kafin kumburi, a rufe da tsumma mai tsabta. Kada a shafa ɗanyen ƙwai, man goge baki, manja, gishiri ko baƙin mai. Mai ciki, da duk wanda ya ƙone a tafin ƙafa, a kan gaɓa, ko ƙunar ta zagaye ƙafa, a kawo shi asibiti a ranar.

Idan kuma nas ta zo ta ce Hajiya a tashi a taka, 'yan uwa ku tambaye ta duk abin da ya shige muku duhu, haƙƙinku ne. Bayan ta yi bayani sai ku kawar da tabarma, ku miƙo takalmi, ku tsaya kusa kuna ƙarfafa mata gwiwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu juna biyu lafiya.